Maɓallin da Ta Ƙi Dannawa

A tashar mota, ana jiran mota ta cika, wata mai sayar da yadi ta ɗora kwamfuta a cinya. Tana kwafe cinikin wata daga takardar da banki ya turo mata a waya, layi bayan layi. Wani mai tabarau da ke gefenta ya kasa haƙuri.

"Baiwar Allah, ai da kin danna wancan maɓallin, da manhajar ta kwaso su gaba ɗaya."

"Wannan mai cewa 'Shigo da mu'amaloli'? Shekara biyu ina kallonsa. Abin da ban gane ba, ba na gwada shi a kan dukiyata."

"To ke me za ki kira shi?"

"'Kwaso ciniki daga takardar banki.' Shi ke nan. Wanda ya rubuta wancan, na rantse ko allura bai taɓa sayarwa ba."

Mutumin ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

"Gaskiyarki, ban taɓa ba." Ya zaro biro. "Maimaita min a hankali. Ranar Litinin zan gyara."

Ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta juyo masa da kwamfutar.

"Gyara zama, Malam. Akwai wasu guda shida."