Ba Zan Rataye Allon Nan Ba

Mai girma shugaban ƙungiyarmu, iyayenmu dattawan kasuwa, wakilin masu kawo mana baƙi 'yan yawon buɗe ido, 'yan'uwana masu shaguna maza da mata, ina yi muku sallama. Na gode da aka ba mai ɗinkin takalma damar magana, ko da yake shugaba ya san abin da zan faɗa ba zai yi masa daɗi ba.

An tara mu ne mu ɗaga hannu a kan allon nan da aka jingine da tebur, mai cewa shagunanmu na karɓar kuɗin ƙasashen waje. Ni kam ba zan rataye shi ba, ko da ni kaɗai na rage.

Na farko, ku dubi gwangwanin nan cike da sulallan ƙasashen waje. Na ƙanina ne, mai kwanduna. Baƙon da zai koma gida yakan zazzage masa sulallan da suka yi masa nauyi a aljihu, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har da rakiya. Ranar da ya kai wa mai canji, sai ya ce masa, "Malam, takarda muke canzawa, ƙarfe ba ya komawa gida." Kwandunansa sun ƙetare teku, shi an bar shi da abin tokare ƙofa.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni barci. Mai shagon da yake haya ya ga yana karɓa, ya ce, "Tunda da kuɗin waje kake ciniki, haya ma da shi za ka biya." Ya kasa biya, don haka ƙarshen watan nan za a karɓe mukullin, a shagon da mahaifinmu ya tsufa a ciki. Mutum ɗaya aka gani, aka yi masa haka. To ranar da muka rubuta a allo fa, wa zai tsira?

Baƙi muna son su, muna maraba da su. Amma teburin mai canji na bakin ƙofar kasuwa. Wanda ya iya tsallako ƙasashe ba zai kasa tsallaka titi ba.

Wanda zai ɗaga hannu, bismilla, ya fara ɗaukar gwangwanin nan ya sayo wa iyalinsa ko da gishiri ne, mu gani.

Allah Ya albarkaci kasuwarmu, Ya mai da baƙinmu gida lafiya da sulallansu, Ya bar wa ƙanina mukullinsa.

Na gode.