Anko Ba Na Daren Liyafar Jirgi Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugabar wannan ƙungiya tamu ta Zumuncin Matan Hausa da Zango a Doha, Hajiya Ummukulthum. Uban taro, dattijonmu Alhaji Masahudu, wanda ya riga mafi yawanmu shan zafin ƙasar nan. Magatakarda Malama Na'ima da sauran 'yan kwamitin tafiya. Iyayena mata da yayyena da ƙannena, na Najeriya da na Ghana. Da mazajenmu da suka cika layin baya, wasu da kayan gadi a jikinsu domin daga nan sai bakin aiki: ina gaishe ku gaba ɗaya, ina yi muku barka da Juma'a.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu a wannan zaure na Mu'aither cikin ƙoshin lafiya. Ina gode wa shugaba da ta ba ni wannan dama, alhali ta san abin da zan faɗa ba zai yi wa kwamitinta daɗi ba. Wannan shi ne shugabanci.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ruƙayya Yusif, mutuniyar Gusau. Kafin in dawo aikin otal a nan Doha, na yi shekara shida a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, irin manyan nan da kuke hangowa daga bakin teku na Corniche idan sanyi ya shigo. Aikina shi ne tsayuwa a ƙofar babban ɗakin cin abinci, in tarbi baƙo, in dubi shigarsa, in kai shi teburinsa ko in mayar da shi ya sake kaya. Saboda haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne, gani na yi, gani kuwa ya kori ji.

Nan da mako uku, mu mata talatin da ɗaya za mu hau irin wannan jirgi, kwana uku a kan teku. An aiko mana da takardar tsarin tafiya, a cikinta an ce dare na biyu daren liyafa ne, shigar mata kuma ta zama "fomal". Wannan kalma guda ta hana gidaje barci. Ta sa maza sun ɗaure fuska, ta sa kwamiti ya yanke shawarar a yi anko, ta kuma sa uwarmu Mma Ajaratu, mai dafa abinci a wani gida a Al Wakrah, ta ce a cire sunanta daga tafiyar da 'yarta ta yi mata tanadi. Saboda Mma Ajaratu na tsaya a gabanku yau, kuma ba na son in sauka daga nan sunanta yana goge.

Magana ta farko taku ce, mazajenmu. Shekaranjiya Malam Ghali direba ya tare ni a bakin masallaci, ya ce, "Ruƙayya, gaya mini gaskiya. An ce fomal ɗin nan riga ce da ba ta da baya. To ni ba zan kai matata inda tela ya manta rabin aikinsa ba." Malam Ghali, ga ka can kana sunkuyar da kai, ai tambaya ka yi, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ga amsarka a bainar jama'a. A shekara shida ban taɓa mayar da mace domin ta rufe jikinta ba, ban kuma taɓa ganin an mayar ba. Waɗanda muke mayarwa su ne masu silifas na banɗaki, da masu gajeren wando, da masu kayan wanka da suka fito daga ruwa suna ɗiga, da masu wandon nan da aka yayyaga da gangan. Abin da fomal ke nufi shi ne ki zo da shigarki ta girma, wadda za ki sa idan an gayyace ki gaban manya. A jirgin da na yi aiki, kayan gargajiya na kowace ƙasa suna cikin shigar girma. Na tarbi matan Indiya da dogon zanensu, na tarbi matan ƙasar nan da abayarsu mai aiki, na rusuna musu kamar yadda na rusuna wa mai rigar Turawa. Inda kuma aka rubuta ban da hula, hana-sallar samari ake nufi. Babu wanda zai taɓa ɗankwali ko mayafi ko hijabi.

Magana ta biyu ta shiri ce, kuma a nan mata ku buɗe kunne. Kowace safiya za a zuro muku takarda ta ƙarƙashin ƙofa, a jikinta an rubuta shigar daren ranar. Ku karanta, ko ku kawo a karanta muku. Daren farko ba shi da nauyi, doguwar riga mai tsabta ta wadatar. Dare na uku an ce daren farare ne, kowa da fari. Na ji 'yan'uwanmu na Ghana sun yi guɗa, domin su fari kayan murna ne, na kuma ji wata 'yar Katsina ta ce ita ba za ta sa likkafani tana tsakiyar teku ba. Yaya, kwantar da hankalinki, farin mayafi kaɗai ma ya isa, ba a kuma korar kowa a kansa.

Takalmi mai tsini ku bar shi a gida, sai wadda ta saba. Jirgi yana lilo ko da ba ku ji ba, kuma na sha ɗaga manyan mata daga ƙasa. Zani a ɗaura shi ɗaurin gaske. Wadda za ta kafa gwaggwaro ta kafe shi da fil, ta kuma bi ta ciki zuwa wurin cin abinci, domin iskar saman jirgi ba ta san Hajiya ba. Dutsen guga ba ya shiga, za a karɓe shi tun a ƙofa, don haka ku goge kayanku a gida. Sai babbar magana, wadda na san za ta yi ciwo: kasko da gawayi da turaren wuta ba sa hawa jirgi. Wallahi ko tsinke ɗaya kika kunna a ɗaki, ƙararrawa za ta tashi, ma'aikata su cika miki ƙofa. Ku turara kayan liyafarku kwana biyu kafin tafiya, ku ninke su da ɗuminsu a cikin leda, ku riƙe humra a jaka. Ƙamshin zai kai ku har ku dawo.

Magana ta uku ita ce ta kawo ni. 'Yan kwamiti, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na san dalilinku na yanke anko, kuma dalili ne mai kyau. Kun so kada mai shi ta fi marar shi, kun so a gan mu a san tsintsiya ɗaya muke. A gidan biki haka ne, a wurin suna haka ne, a filin Idi ma haka ne. Amma kowane gari da al'adarsa, jirgin ruwa kuwa gari ne. A wannan gari, mutanen da ke sa kaya iri ɗaya kashi biyu ne kawai: masu hidima da masu wasa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in ba ku abin da ya faru a gabana. A shekarata ta uku, wasu mata goma sha biyu 'yan gida ɗaya suka hau jirginmu, sun rako amarya yawon shaƙatawa. Daren liyafa suka fito da koren leshi iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya, abin gwanin sha'awa. Na ɗan matsa kai wasu baƙi tebur, kafin in juyo abokin aikina ya tare su cikin ladabi yana nuna musu ƙaramar ƙofar gefe, wadda mawaƙa da 'yan rawa ke bi. Wata tsohuwar Baturiya kuma ta dafa babbar cikinsu, tana murmushi, ta ce, "Ƙarfe nawa za ku fara rawar?" Wannan da aka dafa shugabar makaranta ce, ta yi shekara talatin tana koyarwa. Na rugo na ba da haƙuri, na kai su tebur mafi kyau, amma abincin nan bai shiga cikinta ba. Babu wanda ya yi nufin wulaƙanci, rashin sani ne. Amma na ji kunya a ranar, na ji zafi, har yau kuma ina ji.

Mma Ajaratu ba ta san wannan labari ba, amma ta riga mu gano bakin zaren. Na je har Al Wakrah na same ta a bayan kicin, na tambaye ta dalili. Kun san mutanen Zango na Ghana ba ruwansu da "ka" da "ki", kowa namiji ne a bakinsu. Ta ce mini, "Ruƙayya, ka zauna ka ji. Shekara goma sha huɗu ina sa yunifom a gidan kafil, maigidan da ya ɗauko ni aiki. Mu huɗu, kala ɗaya, ɗinki ɗaya. Baƙo in yana son ruwa ba ya neman sunana, rigar yake kira. Yanzu sau ɗaya a rayuwa zan zauna wani ya kawo mini abinci, ku ce in sake sa irin na kowa? Khalas, shi ke nan, a cire ni."

Jama'a, wa zai ce ba ta da gaskiya? Mu nawa ne a zauren nan muke kwana mu tashi cikin kayan da wani ya zaɓa mana? Mai gadi da nasa, mai shara da nata, mai reno da nata, ni ma da nawa. Ba mu raina su ba, da su muke ci, da su muke aika wa gida. Amma dare ɗaya ne wannan, dare ɗaya tak, da za a ja mana kujera, a tambaye mu abin da muke so. Ina roƙon kwamiti, ina roƙon shugaba: ankon da aka riga aka yanka mu sa shi ranar hawa jirgi, mu yi hoto a bakin ruwa, ya kuma taimake mu gane juna a cikin cunkoso. Daren liyafa kuwa, kowace mace ta buɗe akwatinta ta ɗauko nata. Mai leshi ta sa, mai shadda ta sa, mai atamfa ta sa, mai kente, saƙin Ghana, ta yafa. Wadda ba ta da shi ta zo ɗakina, mu rufe ƙofa, babu mai ji.

Na ga shugaba ta gyaɗa kai, na ga 'yan kwamiti sun bi ta. Allah Ya saka da alheri. To saura ke, Mma. Ga ki can kusa da taga kin rufe baki da mayafi. Ina tambayarki a gaban 'ya'yanki: me ke ƙasan akwatinki da ƙasar nan ba ta taɓa gani ba? Ɗaga murya, Mma, na baya ba su ji ba. To, bari in maimaita muku. Ta ce atamfa ce turmi guda, mahaifiyarta ta ba ta ranar da za ta baro Accra, har yau almakashi bai taɓa ta ba, domin ba ta taɓa samun wurin zuwa da ita ba. Fausiya tela, kin ji da kunnenki, mako uku gare ki, ki ajiye duk wani ɗinki ki fara da wannan. Malama Na'ima, yalla, maza ɗauki biro ki mayar da sunan Mma Ajaratu, ki sa shi a layin farko.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Allah Ya kwantar mana da teku, Ya tsare mana mutuncinmu a cikin jirgi da wajensa. Allah Ya yi wa mazajenmu albarka, Ya sassauta musu tsayuwar gadi da zaman mota. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka sallame mu da abin da ke hannunsu, Ya zaunar da Najeriya da Ghana da wannan ƙasa da ta karɓe mu lafiya. Mma, Allah Ya sa ki kashe atamfar nan da kanki.

Na gode.