Ɗurar da Aka Yi wa Rabi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Malama Hadiza ce daga Bilbis.

Mukan ɗauka tsoron magani shagwaɓa ce. Ɗalibata Rabi mai yawan fargaba ce. Likita ya rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda gyambon ƙafarta, amma tana ganin kafson sai ta ƙi sha. Yayyenta suka danne ta a tsakar gida, suka toshe mata hanci, suka ɗura mata. Innarta na dariya ta ce, "Gandamemiya da ke! Akuya ma ta fi ki."

Yanzu ko ruwa ba ta karɓa daga hannunsu, ƙafar kuma sai kumbura take.

Iyaye, kafin ku danne yaro, ku gwada tambayarsa abin da yake tsoro.