Macen da Aka Bari Ta Gama Magana

A ɗakin jiran likitan haƙori, wani dattijo ya duƙufa kan littafi don ya manta da ciwo. Matar da ke kusa da shi ta leƙa bangon littafin, ta ja tsaki.

"Baba, kai ma ka faɗa? Na karanta shi, ɓata lokaci ne."

"Haba 'yata! Duniya ta lalace, hukuma na leƙen asirin kowa, ga ɗan sandan ciki na farautar mai kisa. Me ya rage?"

"Mata. Ɗaya gawa ce, ɗaya sai kuka, ɗaya kuma shayi kawai take..."

"Ai akwai lauyar nan mai hankali!"

"Ka katse ni, kamar yadda marubucin yake katse su. To lauyar ce ta yi kisan."

Ciwon haƙorin ya dawo wa dattijon sabo. "Kin cuce ni! Saura ƙiris in gama fa."

"Ni tun farko na gane. Ita kaɗai ya bari ta kai ƙarshen magana, na ce lallai muguwa zai mai da ita."

Ya matsa gefe yana dariya, hannu a kunci. "To ƙarasa maganarki, 'yata. Amma daga can."