Mun Ce Allah Ya Zaɓa, Sun Rubuta Ba Mu Da Zaɓi

Salamu alaikum Malam, sannu da aiki. Maman Hafsa ce daga Al Nahda, Dubai.

Masu kwalejin da Hafsa take karatun yamma suka tara iyaye, wai mu faɗi wanda muke so ya zama shugaban kwalejin cikin mutum biyu. Mutum biyun suna zaune gabanmu, ta yaya zan nuna ɗaya a idon ɗaya? Mu matan Kano duk muka ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Ashe rubutawa suka yi ba mu da zaɓi! Wanda ya hau, kalas, shi ke nan, ya soke ajin yamma. Hafsa kuwa da rana aikin kago take, a kamfanin aika kaya.

Jama'a, yanzu wa zan kai wa kukana?