Matar da Ta Juyo Ta Dube Ni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, manyan baƙi, matasa masu ƙirƙirar wasannin bidiyo, likitar da ta koya wa hannuna motsi a karo na biyu, iyaye da 'yan'uwa maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina godiya da aka miƙa wa tsohon tela lasifika a taron masana na'ura. Ku yi haƙuri da harshena in ya yi nauyi, shekara biyu ke nan da ɓarin jikina na dama ya shanye.

An ce in sa baki a tambayar da kuka yini kuna ja-in-ja a kanta: shin ya dace labarin wasa ya nuna ya san akwai mutum zaune yana buga shi, ko kuwa ya yi ta tafiyarsa kamar ba kowa a ɗakin? Ban yi karatun wannan ba. Abu uku zan faɗa in zauna.

Na farko, ciwon. Shekara arba'in ina taka keke, kullum shago cike da masu kirana: "Tela, wuyan ya matse." "Tela, hannun ya yi tsawo." Wallahi yau har ƙorafin nan nake kewa. Domin tun ranar da na faɗi, magana ta daina zuwa wurina. 'Yan dubiya su shigo, ina zaune ido biyu, su tsallake ni su tambayi maiɗakina: "Ya mai jiki? Ya ci abinci? Yana gane mutane kuwa?" Ƙanena ma, uwa ɗaya uba ɗaya, haka yake yi. Na san tausayi ne, amma tausayin nan ya mai da ni kayan ɗaki. Sai na kama bakina, wata biyar.

Na biyu, wasan. Likita ce ta ɗora min abin riƙon nan mai maɓallai a cinya, wai don yatsu su saki. Da furfurata! Labarin wata ma'aikaciyar gidan waya ce mai kai wasiƙa bayan dutse, kai kuma kake tafiyar da ita. A hanya akwai gadar igiya. Jama'a, sau tara ina jefa baiwar Allah a kogi, saboda babban yatsana ya ƙi dannawa. A na goma sai ta tsaya a bakin gada, ta sauke jaka, ta juyo ta dubi inda nake, ta ce, "Kai mai riƙe da ni, hannunka ne ya gaji? Mu huta. Wasiƙa ba ta ruɓewa."

Na waiga, ba kowa a bayana. Da ni take. Da wannan karkataccen bakin na ce, "Ya gaji, 'yar nan." Maiɗakina tana guga a baranda, ta bar rigar tana ƙonewa ta shigo da gudu. "Malam, da wa kake magana?" Na ce, "Da mai yi min magana." Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata ta yi kuka mai isarta. Daga ranar, duk baƙon da ya tambaye ta jikina, sai ta ce, "Ga shi nan, tambaye shi."

Ciwo bai taɓa hankalina ba, na san matar nan zane ce. Jinjinata tana ga marubuciyar labarin, ga ta can a layi na biyu tana ɓoye fuska. 'Yata, kin zauna kin tuna da hannun da ba ki taɓa gani ba, kin tuna da mai rawar yatsa, kin tuna da wanda ya daɗe bai zo ba har matar ke ce masa "kwana biyu". Mu teloli mukan bar rarar yadi a cikin ɗinki, saboda jikin mai riga zai canza wata rana. Wannan rarar kika bar mana, kuma ban ga gwanintar da ta fi ta ba.

Na uku, roƙo. Na ji cewa a sabon samfurin wasan da zai fito wata mai zuwa za a rufe bakin matar, domin masu saurin hannu sun ce tana katse musu daɗin labari. Suna da gaskiyarsu. Ku sa musu maɓallin da za su kashe ta, amma ku bar mana ita.

Makon jiya aka kawo wani direban babbar mota ɗakin da muke motsa jiki a asibiti. 'Ya'yansa ke amsa masa gaisuwa, shi yana kallon bango. Likita ta ce sai nan da wata guda zai iya riƙe abin wasan, kuma kafin lokacin sabon ya maye gurbin tsohon. Na kama hannunsa mai lafiya na ce, "Direba, daure. Akwai wadda za ta tsaya ta jira ka." Ya juyo ya dube ni. Don girman Allah, kada ku mai da ni maƙaryaci a wurin mutumin nan.

Allah ya yi wa aikin hannunku albarka, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya lada, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.