Koren da Ke Wajen Bermo

Tashar Gidan Rumji, ana jiran mota ta cika. Wani tsohon makiyayi ya leƙa wayar budurwar da ke gefensa.

"Ɗiyata, wannan zanen mi ne ne?"

"Ƙasarmu ce daga sama, Baba. Tauraron ɗan'adam ya ɗauko. Hukumar sararin samaniya ke turo hotunan, mu kuma a buro, wato ofishinmu, mu duba inda ruwa ya sauka da inda ciyawa ta fito, a sanar a rediyo."

"Ni na ɗauka aikinsu zuwa wata ne."

"Yawanci ƙasa suke kallo."

"To duba mini Bermo. Ɗana Jaye ya kora shanu can tun farkon damina, kada su shiga gonakin mutane. Bai taɓa tafiya ba ni ba sai bana, gwiwa ta hana ni. Wayarsa kuma ba ta shiga."

"Ga Bermo nan."

"Matso da shi. Dogo ne, da malafa, farin bijimi na gabansa."

"Ayya, Baba, wannan hoton ba ya nuna mutum. Ko saniya ba ya nunawa."

"Af! Duk hawan nan da ya yi? To, wannan koren fa?"

"Ciyawa ce. Shuɗin nan kuma tafki ne, cike yake."

"Ke nan shanu sun ƙoshi."

"Da alama."

"In sun ƙoshi akwai nono. Yaron nan da nono kuwa, ba a raba su. Kada ki kashe tukuna, ɗiyata. Bari in ƙara kallonsa."